Gani Ya Kori Ji? Sharhi Kan Hotunan Wani Yaron Tela a Ranar Ruwa



Wata Asabar ce cikin watan Oktoba. Tun ana kiran azahar hadari ya haɗo ta wajen dutsen Fébé, kafin a idar da sallah ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Ni ina gidan rediyo a lokacin, cikin ɗakin watsa shirye-shirye da ba shi da ko taga ɗaya, don haka ban san abin da gari ke ciki ba sai da masu kiran waya suka fara yi mini kuwwa, ina jin kwanon rufinsu na amsa kuwwa a bayansu. Da na fito na buɗe WhatsApp, sai na tarar da hotuna goma sha huɗu daga wani yaron maƙwabtanmu da ke koyon ɗinki a Briqueterie. A ƙarƙashinsu ya rubuta: "Yaya, ki duba mini waɗannan, ki faɗa mini gaskiya don Allah."

To gaskiyar ce zan faɗa a nan, da izininsa, ba tare da na kama sunansa ba. Na ga ya fi kyau in faɗe ta a fili, domin ba shi kaɗai ke wannan harka ba. Yau duk wanda ke da waya mai hoto ne, kuma da an fara yayyafi sai ka ga an zaro wayoyi kafin a zaro lema.

Ni dai ba mai hoto ba ce. Sana'ata ma kishiyar hoto ce, tunda kullum ana yi mana gori da cewa gani ya kori ji. Amma a makarantar koyon aikin jarida an ɗan koya mana duba hoto, kuma abu ɗaya da ya zauna mini cikin kai shi ne tambayar da malaminmu ke maimaitawa: kafin ki ce hoto ya yi kyau ko bai yi ba, ki fara gano inda mai ɗaukarsa ya tsaya. Da wannan mudun zan auna hotunan yaron nan.

Bari in ɗan zana unguwar ga wanda ke Kano ko Maradi bai taɓa taka Yawunde ba. Garin bisa tuddai yake, wajen mita 750 sama da teku, kuma damina biyu gare mu a shekara: ɗaya daga Maris zuwa Yuni, ɗaya daga Satumba zuwa Nuwamba, wadda ta fi ƙarfi. Ruwan da ke sauka a shekara ya kai milimita 1,500 ko fiye. Briqueterie kuwa, wadda muke taƙaitawa mu ce Birik, ita ce unguwar Hausawa, ko da yake akwai Fulani, Barebari, Bamun, 'yan Mali da 'yan Senegal, duk a cakuɗe. Asalin sunan wurin Ekoudou. Sunan yanzu ya samo asali ne daga wurin gasa bulo da aka yi a nan zamanin Jamusawa. Wannan kaɗai ya isa ya gaya maka irin ƙasarmu: jar laka ce, mai danƙo. Idan ta sha ruwa, takalmi ba ya fita daga cikinta da mutuncinsa. Ruwan kuma ba ya tsayawa, gangarawa yake ta lunguna, ya kwashi abin da ya samu, ya nufi kogin Mfoundi.

Ina yaron ya tsaya? A bakin shago. Goma sha ɗaya daga cikin hotunan daga wuri ɗaya aka ɗauke su, ƙofar shagon maigidansa, har kana iya ganin bakin kwano a saman kowanne, wani lokacin ma da kan keken ɗinki a kusurwa. Ba dabara ce ta sa shi hakan ba, tsoron kada wayarsa ta jiƙe ne. Amma wannan tsoron shi ya ba hotunan abin da na fi so a cikinsu. Baƙon da ya zo ɗaukar unguwarmu yakan tsaya a tsakiyar titi ko cikin mota ya leƙo mu. Wannan kuwa daga ciki yake duban waje, kamar yadda kowannenmu ke yi idan ruwa ya tsare shi. Duk wanda ya taɓa fakewa a rumfar wani yana jiran ruwa ya ɗauke zai gane wannan kallon nan take.

Wanda ya fi duka shi ne na bakwai. Ƙofar wani ƙaramin masallaci ce da ke tsallaken lungu. Mutane sun shiga sallar la'asar sun bar takalmansu a waje, ruwa ya ƙaru, ya fara jan silifas ɗaya-ɗaya. Sai ga wani dattijo ya fito, ya tattare babbar rigarsa a kafaɗa, ya sunkuya yana tsince takalman mutane yana jera su bisa dakali. Ba a ganin fuskarsa, bayansa kawai da hannunsa riƙe da takalma uku waɗanda ba su dace da juna ba. A gefen hagu akwai wani silifas shuɗi da ya riga ya kuɓuce, ruwa ya yi gaba da shi. Na daɗe ina kallon hoton nan. Ba a shirya shi ba, ba a ce wa kowa ya tsaya ba, kuma babu wanda aka ci wa fuska. Amma in wani ya tambaye ni yadda zaman Birik yake, da in yi masa bayanin rabin awa a rediyo gara in nuna masa wannan. Shuɗin takalmin nan da ya tsere shi ne gishirin hoton: ya nuna aikin dattijon ba zai cika ba, wani zai koma gida da ƙafa ɗaya a ƙasa, amma duk da haka bai fasa ba. A nan kam na yarda, gani ya kori ji.

Na biyu a wurina shi ne na mai tsire. Kowa ya san Birik da nama. Har daga unguwannin masu kuɗi ake zuwa da dare wurin da ake kira Ministère du Soya. Amma wannan ba na can ba ne, ƙaramin mai tukuba ne na lungu. Ya jingina guntun kwano a kan wutarsa, ya rufe kansa da leda, naman kuma ya rufe shi da takardar buhun siminti. Abin da yaron ya kama, da saninsa ko ba da saninsa ba, shi ne hayaƙi. Ranar ruwa hayaƙi ba ya tashi sama, kwanciya yake ya bi ƙasa, sai ya zama kamar mutumin na zaune cikin hazo. Ka lura kuma da abin da ya fi karewa: wuta da nama sun fi shi samun rufi. Kuskuren hoton ɗaya ne, an yanke ƙafafun mutumin daidai idon sawu, alhali a ƙasa labarin yake, inda ruwa ke zagaye tukubar. Da ya ɗan sauke wayar kaɗan, da ya gama.

Akwai dalilin da ya sa fuskoki suka fito da kyau a waɗannan hotuna fiye da waɗanda yakan ɗauka ranar sallah. Rana tsaka muguwar fitila ce ga baƙar fata: goshi ya yi ƙyalli, idanu su faɗa cikin inuwa, farar riga ta ƙone ta zama fanko. Gajimare kuwa yana tace haske ya raba shi daidai, sai launin fata ya fito da zurfinsa, jan laka ya ƙara ja, atamfa ta ƙara kauri. Seydou Keïta, wanda ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a Bamako a 1948, da hasken Allah ya yi yawancin aikinsa a tsakar gida, da zane shimfiɗe a bayan mutum, kuma har yau ana sha'awar yadda fata ke fita a hotunansa. Kamfanin Transsion na birnin Shenzhen, mai yin Tecno da Itel da Infinix, ya ci kasuwar Afirka da dalilai da dama, ciki har da gyara kyamarar wayoyinsa don ta iya da baƙar fata. Wayar yaron nan tsohuwar Tecno ce mai fasasshen gilashi. Hadarin Oktoba ya yi mata abin da injiniyoyin Sin ba su gama yi mata ba.

Sai dai ruwa na bayarwa da dama ya karɓe da hagu. Idan haske ya ragu, waya takan bar idonta a buɗe ya ɗan daɗe don ta tara abin da zai ishe ta, kuma duk abin da ya motsa cikin wannan ɗan lokacin sai ya yi dishi-dishi. Haka ya faru da hoton wani yaro da ke tsallake kwata da tiren ƙosai a ka. Ƙafafunsa sun zama kamar hayaƙi, tiren ne kawai ya ɗan fito. Mai hoton ya so ya goge shi, na ce kul. Akwai shahararren hoton da Bafaranshen nan Henri Cartier-Bresson ya ɗauka a 1932 a bayan tashar jirgin ƙasa ta Saint-Lazare a Paris, na wani mutum da ya yi tsalle bisa ruwan da ya kwanta, an kama shi dab da diddigensa zai taɓa ruwan. Mutumin ma bai fito tangaran ba, kuma ta tsakanin katakon shinge aka ɗauke shi. Ba ina cewa yaron telanmu ya kamo shi ba, Allah ya kiyaye ni da zuga. Bambancin a fili yake: wancan ya danna kafin ƙafa ta sauka, namu ya danna bayan ta sauka. Rabin daƙiƙa ce tsakaninsu, amma a wannan sana'a rabin daƙiƙa tafiyar shekaru ce. Na ce ya ajiye shi ne don ya riƙa dubawa yana ganin inda ya makara.

Yanzu ga waɗanda ban so ba. Uku ne, kuma zan wuce su da sauri. Akwai na ɗigon ruwa bisa gilashin wata taksi da aka ajiye, fitilu sun narke a baya. Yana da kyau, amma irinsa dubu nawa ne a Instagram? Ana iya ɗaukarsa a Landan ko Dubai, babu abin da ya ce Birik a cikinsa. Ido ne na aro. Akwai kuma biyu da ya mayar baƙi-da-fari don su yi kama da na manya. To ka cire ja daga ƙasar Yawunde, me ya rage? Kamar ka yi miyar taushe ka hana ta kabewa ne. Su Keïta ba don yanga suka yi baƙi-da-fari ba, abin da ke hannunsu ke nan.

Hoton da ya ɗauki kansa da kansa, da tef ɗin awo a wuya da ruwa na zuba daga indararo a bayansa, ya turo shi yana jin kunya, ya ce wasa ne. Ni ban ga laifinsa ba. Samuel Fosso, haifaffen Kumba a nan Kamaru a 1962, ya buɗe shagon hoto a Bangui a 1975 yana ɗan shekara 13. Idan ya tashi aiki sai ya ƙarasa sauran fim ɗin da ɗaukar kansa, yana aika wa kakarsa a Najeriya don ta san yana nan lafiya. Waɗannan hotunan na wasa su ne duniya ta san shi da su bayan an nuna su a bikin hotuna na Bamako a 1994. Ɗaukar kai ba aibi ba ne. Abin da zan ce kawai, ya daina barin waya tana goge masa fuska har ya zama kamar ɗan tsana.

Saura biyu, kuma saboda su na zauna rubuta wannan sharhi.

Na farko kwata ce da ta toshe. Leda, robobin ruwa, ƙyallayen da teloli ke zubarwa (ciki har da na shagonsu, na gane wata atamfa), duk sun taru sun datse hanya, ruwa ya haura ya shiga zauren wani gida. Babu mutum a ciki. Da maigidansa ya gani sai ya yi masa faɗa, ya ce tona asirin unguwa ne. Ban raina wannan magana ba. Mutanen Yawunde ba su manta rusau ɗin da aka yi a unguwanni irin su Ntaba a 2008 ba, kuma duk unguwar da ke tsakiyar gari, kusa da babban zauren wasanni na Warda, ta san akwai idanu a kan filinta. Dattawanmu na ganin duk hoton ƙazanta hujja ce ake miƙa wa mai neman dalili. Ga kuma tsohon gorin da ake yi mana na cewa unguwar Hausawa ba ta da tsabta. Duk na ji. Amma ban yarda a ɓoye hoton ba. An kashe kuɗi masu yawa, da tallafin Bankin Raya Afirka, wajen gina magudanar Mfoundi don rage ambaliyar da ke cinye Avenue Kennedy da tsakiyar gari, amma ledar da ke toshe can daga lunguna irin namu take tasowa, kuma kafin ta isa can zaurenmu take fara shiga. Ranar da kwalara ta zo ba ta tambayar wa ya ɗauki hoto. Abin da na ce masa shi ne ya rubuta rana da sunan lungu a ƙarƙashinsa, ya koma wurin bayan an yashe ya sake ɗauka daga inda ya tsaya. Hoto ɗaya zargi ne, biyu kuwa shaida ce, kuma ana iya kai su gaban mai unguwa ko ofishin magajin gari a yi magana da su.

Na ƙarshe shi ne wanda ya fi alfahari da shi, don shi ya fi samun yabo da ya sa shi a Facebook tun kafin ya turo mini. Wata mata ce, ba yarinya ba, santsi ya kwashe ta a gangaren lungu. Tana zaune cikin taɓo, robar kayan miyarta ta kife, tumatir na bin ruwa, mayafinta ya zame, zanenta ya ɗage har gwiwa. Fuskarta ta fito sarai, tana duban mai ɗaukar. Idan ana maganar tsari ne, hoton ba shi da makusa: haske ya zauna, jan tumatir ya amsa jan ƙasa, ya danna a daidai lokaci. Shi ne ma kaɗai wanda bai makara ba.

Kuma shi ne mafi muni a cikin goma sha huɗun. Mu koma ga tambayar malaminmu: ina ya tsaya? A bakin shago, a bushe, taku biyar daga matar da ta isa haihuwarsa, hannunsa biyu riƙe da waya. Wurin tsayuwar da ya ba sauran hotunan daraja shi ya tona wannan. Kallon da take yi masa ba na neman a ɗauke ta ba ne, kowace mace ta san wannan kallon. Na karanta abin da mutane suka rubuta a ƙarƙashinsa: rabi dariya, rabi "Allah sarki talaka", kuma ban san wanne ya fi ciwo ba. Wasu za su ce ai haka 'yan jarida ke yi, suna ɗaukar abin da ya faru ba tare da neman izini ba. Haka ne, kuma mu ma a aikinmu akan sa muryar mutum ba da son ransa ba idan akwai haƙƙin jama'a a ciki. To wane haƙƙin jama'a ne a gwiwar wannan baiwar Allah? Abin da hoton zai gaya mana game da santsin lungu, hoton kwata ya riga ya faɗa ba tare da an tuɓe kowa ba.

Iyayenmu sun san hoto ta wata hanya dabam. Mutum yakan yi wanka ya sa rigar sallah ya je wurin mai hoto, ya zaɓi yadda za a gan shi: hannu bisa rediyo, agogo a waje, hula a karkace. Jacques Toussele ya yi shekaru yana wannan aiki a Mbouda, yammacin Kamaru, kuma an adana dubun-dubatar hotunansa a kwamfuta da taimakon babban ɗakin karatu na Birtaniya. Manoma ne da 'yan kasuwa da ɗalibai, mafi yawansu talakawa, amma da wuya ka ga wanda aka kama shi ba shiri. Ana iya cewa waɗannan hotuna ba su faɗi dukkan gaskiya ba, tunda ba a ganin laka a ciki. Na yarda, shi ya sa nake murna da waya, don ita ce ta fara nuna mana ranakunmu na banza, ranar da ba suna ba biki, ranar da kakanninmu ba su bar mana ko hoto ɗaya nata ba. Amma wancan tsohon tsari yana da abu ɗaya da bai kamata mu yar ba: mai fuska shi ke da ta cewa a kan fuskarsa. Dattijon masallaci ya ba da baya, mai tsire ya san ana ɗaukarsa har ya ɗan gyara zama. Matar nan ba a bar mata komai ba.

Na faɗa masa duk wannan ta waya a daren, ban sassauta ba. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wallahi Yaya ban yi tunani ba, hannuna ne kawai ya tafi." Na yarda da shi, kuma hakan ne ya fi tayar mini da hankali, don nawa hannun ma ya sha tafiya haka. Ya goge hoton a daren, amma an riga an kwafe shi, washegari ƙanwata ta gan shi a wani zauren WhatsApp na matan Tsinga. Birik kuwa ba ta da girman da za a ɓace a cikinta: matar ta zama gwaggon wani abokin aikinsa. Mahaifiyarsa ta sa shi gaba suka je har gida ba da haƙuri, da ɗan kayan miya a leda. An ce ta karɓe su, ta ce ta yafe, amma ba ta fito kasuwa ba sai bayan kwana huɗu.

Sauran kuwa na kai uku wurin mai wanke hoto kusa da kasuwar Mokolo, na masallaci, na mai tsire da na kwata, don na san ƙarshen hoton da ke cikin waya: ko a sace ta, ko ta faɗa ruwa, ko a goge don a samu wurin sa waƙa. Na ba shi biyu, na riƙe na masallacin, yana manne a bangon ofishinmu. Ranar Asabar da ta biyo na yi ƙoƙarin bayyana shi ga masu sauraro, na yi minti uku ina fama, sai wani tsoho ya kira daga Nkolbisson ya ce duk ya gane, amma ina ƙarar kwanon? Na aika wa yaron saƙo na ce in hadari ya sake haɗowa, bayan ya gama ɗaukar hotunansa, ya ɗaga wayar sama ya naɗo mini minti ɗaya na rufin shagonsu.